Gidan gado muke son sayarwa da wuri: me za mu gyara, me za mu bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Kano, ɗaki huɗu da falo biyu, ginin kusan shekara talatin. Mun yanke shawarar sayarwa a raba wa magada, kuma muna son a gama da wuri don akwai masu lalura a cikinmu. Mahaifiyarmu na zaune a ɓangare ɗaya, ɗan haya na ɗayan. Ƙannena sun ce mu yi karo-karo mu sa silin na ado (POP) da sabon tayil don gidan ya yi daraja. Ni ne babba, ban san ta inda zan fara ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa can ta fi nan, ku kuma Ya haɗa kanku.

Malam, ku ajiye maganar POP da tayil tukuna. Na daɗe a harkar gidaje da filaye, kuma abin da na gani shi ne, ba ƙarancin ado ke sa gida ya yi kwantai ba. Shakka ce. Duk abin da mai saye ya gani bai gane kansa ba, takarda ce ko tabon ruwa a silin ko ɗan hayan da ya ƙi buɗe ƙofa, zai yi masa kuɗi a ransa ya cire daga tayinsa, kuma abin da zai cire ya fi abin da gyaran zai ci nesa ba kusa ba. Wani ma ba zai taya ba, sai ya ce "za mu yi waya", shi ke nan. Saboda haka aikinka shi ne ka bi abubuwan da za su sa mai saye ɗar-ɗar ka kawar da su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mafi girma.

Kafin komai, Hajiya. Idan ba ta fita takaba ba, wato wata huɗu da kwana goma, haƙƙinta ne ta ƙarasa a ɗakin mijinta, kada a fara shigo mata da baƙi suna leƙa ɗakuna. Idan ta fita, a zauna da ita a san inda za ta koma tun kafin a kira dillali. Ita ma magajiya ce, tana da tumuni tunda akwai 'ya'ya, kuma na sha ganin ciniki ya kai gargara ya watse saboda uwa ta ce ba a shawarce ta ba.

Sai takardu, nan ne mafi yawan gidajen gado ke maƙalewa. Ka ɗauko duk abin da marigayi ya bari ka duba wace iri ce. Idan takardar mallaka ce ta gwamnati, wadda ake kira C of O, da sauƙi. Idan unguwar awon igiya ce, abin da za ka samu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, to ka nemo ta wanda ya sayar wa mahaifinku ma in tana nan, don mai saye zai so ya ga silsilar yadda filin ya yi ta canza hannu. Mai C of O, ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ko ma'aikatar ƙasa ka yi bincike a kan fayil ɗin da kanka kafin lauyan mai saye ya riga ka. Abu biyu ke ɓullowa a nan: bashin kuɗin ƙasa na shekaru da ba a biya ba, da kuma jinginar da takardar a banki wadda iyali ba su da labari. Gwamnatin Kano ta fara aikin sabunta takardun mallaka a ƙarshen 2024, don haka ka tambaya ko taku ta shiga. In kuwa takardar ta ɓata, yau ɗin nan za ka fara neman madadinta, domin sai an yi rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, kuma hakan na cin lokaci.

Sunan da ke kan takardar na marigayi ne, shi kuwa ba zai sa hannu ba. Don haka kuna buƙatar takardar kotun shari'a da ta lissafa magada ta kuma tabbatar da wanda aka wakilta ya sayar. A fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa kafin a yi maganar rabo. Idan akwai ƙananan yara a cikin magada, kason su sai da sanin alƙali ko wasiyyinsu. Kowane baligi ya sa hannu a kan yardarsa, har da 'yar'uwar da ke aure a wani gari da wanda ke ƙasar waje. Ka kuma tambayi 'yan'uwanka a fili ko akwai mai son ya sayi gidan ya biya sauran. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a idan wani ya sayar da kasonsa ga bare, wato ya biya baren kuɗinsa ya karɓe kason, kuma masu saye da suka san hannunsu suna tsoron ranar da wani magaji zai taso da ƙara. Takarda guda mai sa hannun kowa tana kashe wannan tsoron. Ka sani kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 22, ta ce ba a miƙa mallakar fili mai takardar gwamna ga wani sai da amincewar gwamna. Yawanci mai saye ke bin wannan bayan ciniki, amma in fayil ɗinku na da matsala a can zai tsaya, shi ya sa lauyansa ba zai bari ya biya ba.

Kada ka manta da wuta. Ka je ofishin KEDCO ka karɓo bayanin bashin da ke kan gidan. Gidan da ke da ɗan haya kuma babu mita mai kati, sau da yawa akan tarar da bashi ya taru, sabon mai gida kuwa shi za a zo a yanke wa waya. Ko dai ku biya, ko ku faɗa a rage daga kuɗin.

Ɗan hayanku kuma, ka je ka same shi da kanka, da mutunci, kada ya ji labari a bakin dillalai. A dokokin haya na yawancin jihohi, in babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata guda. Ka ga ke nan ba za ka iya fitar da mai hayar shekara cikin makonni ba sai da yardarsa. Hanya biyu ce: ko ku daidaita ku mayar masa da ragowar kuɗinsa har da ɗan ihsani na neman wani gida, ko ku sayar da shi a ciki ku gaya wa mai saye ranar da hayarsa za ta ƙare. Wanda zai saya don ya zauna ya fi son gida fayau, wanda zai saya don haya ba zai damu ba. Ɗan hayan da aka wulaƙanta kuwa, shi zai tari mai saye a ƙofa ya ce masa "ai nan in an yi ruwa ba ma barci".

Yanzu ga ginin kansa. Ka samu magini mai amana da mai gyaran famfo ku zagaya tare, ka riƙe biro da takarda. Ka fara da sama. Gidan shekara talatin mai rufin kwano, ƙusoshinsa sun saki, wani wurin ya yi tsatsa, indararo ya toshe da ƙasar hunturu da ganye. A hau a canza fallen da ya huje, a ɗaure na sauran, a share indararo. Sai an tabbatar yoyo ya tsaya sannan a taɓa silin. Abin lura a nan, yawancin silin ɗin wancan zamani na asbestos ne, ƙurarsa na illa ga huhu. Kada a bari lebura ya goge shi da samfefa ko ya yanka shi da zarto a cikin ɗaki. Wanda ya fashe a cire shi ɗungurungum a jiƙe, lafiyayyen a yi masa fenti a bar shi.

Damshin bango shi ne abin da nake son ka fi ba wa hankali, don a nan mutane ke yin kuskure mafi tsada. Za ka ga gindin bango daga ƙasa zuwa kamar gwiwa ko ƙugu ya yi duhu, fenti na ɓaɓɓakewa, wani farin gishiri na fitowa, in ka sa yatsa filasta na zuba kamar gari. Mai fenti zai ce maka a shafe kawai. In aka shafe, cikin 'yan makonni fentin zai kumbura ya fashe, wataƙila ma daidai lokacin da mai saye ya dawo gani na biyu da iyalinsa. Ruwan daga wani wuri yake zuwa, sai an gano shi: indararon da ke zuba a gindin bango, kwatar da ta tsage, bututun banɗaki da ke yoyo a cikin gini, ko fulawar da aka shuka a jikin katanga ana ba ta ruwa kullum. A tsayar da wannan, a farfashe filastar da ta ruɓe har a wuce iyakar damshin, a bar bulo ya sha iska, a sake yin filasta da siminti mai haɗin maganin ruwa, ita ma a bar ta ta bushe sosai kafin fenti. Wannan aikin ya fi kyau da rani. Idan cikin damina kuke, musamman watan Agusta, bango ba zai bushe da wuri ba, gara a gyara tushen matsalar a bar wurin a filasta a yi wa mai saye bayani.

Tsagar bango iri biyu ce. Siririya kamar gashi a jikin filasta ba komai ba ce, a cike a shafe. Amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda kake gani ta ciki da waje a wuri ɗaya, wannan maganar tushe ce, injiniya za a kira. Ka duba gara a jikin katakon rufi da firam ɗin ƙofofi. Ka buɗe murfin sokawe, in ya kusa cika a kira mota ta kwashe, domin wari daga banɗaki ba ya ɓoyuwa.

Akwai iyaka tsakanin gyara da rufa-rufa, kuma ina roƙonka kada ka bari a tsallake ta da sunan gaggawa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A fiƙihu ma mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Jingina kabet a bangon da ke damshi ko shimfiɗa kafet a kan daɓen da ya lotsa duk ɓoye aibi ne. Abin da ba ku iya gyarawa ba, ku faɗe shi, a rubuta a takardar ciniki cewa mai saye ya gani ya yarda. Kuɗin gado ne, zai shiga cikin marayu da tsohuwa, bai kamata a gauraya shi da haƙƙin wani ba.

Dalilin da ya sa na ce a bar POP da tayil: wanda zai sayi tsohon gida a Kano, yawanci wurin yake saye da girman filin, kuma ya zo da nasa tsarin a kansa. Zai iya fasa falon nan biyu ya haɗe, ko ya rushe gaban ya fitar da shaguna. Tayil ɗin da kuka zaɓa da kuɗinku wataƙila matarsa ba ta son kalarsa, ba zai ƙara muku ko sisi a kansa ba. Ga cin lokaci, ga ƙura, ga kuma rigimar da karo-karo ke haifarwa ranar rabo, wannan ya ce ya ba da kaza, wancan ya ce bai amince da aikin ba tun farko. Duk abin da za a kashe, ko na fenti ne, a rubuta, kowa ya sani, a cire daga kuɗin gida kafin rabo. In akwai tayil guda biyu ko uku da suka fashe, a nemi makamantansu a canza, ya wadatar.

Fenti kuwa yana biyan kansa. Kala ɗaya mai haske, fari ko ruwan madara, a duk cikin gidan. Ƙofar get da ƙarafunan taga a kankare tsatsa a shafa fenti mai mai. Mutum tun daga cikin mota yake fara yanke hukunci, don haka a share ƙofar gida, a yashe kwata, a kwashe bolar da ke jikin katanga ko da ba ku kuka tara ta ba, a goge rubuce-rubuce da fastocin siyasa. A sa wa get mai ta daina ƙara.

Daga nan sai shirya cikin gida, wanda ba ya cin kuɗi sai ƙarfi da haƙuri. Gidan da aka shekara talatin a ciki ya cika da kaya: tsofaffin katifu, akwatuna a saman wardirof, buhunan hatsi a lungun falo, jarkoki, keken ɗinkin da ya lalace, kabet cike da kwanuka da tangaran. Kaya na cinye ɗaki, mai faɗi sai ya koma ƙarami a ido. Tunda dai tashi za a yi, a fara kwashewa tun yanzu, a raba abin da za a raba, a kai sauran gidan ɗaya daga cikinku. Kada a tura su sito a kulle, domin mai saye zai ce a buɗe, ɗakin da aka ce "makullin ba ya nan" kuwa shi ne wanda zai tafi yana tunani a kai. A ɗakin kwana a bar gado da wardirof kawai, a falo kujeru da tebur, yadda mutum zai ga kusurwa huɗu da ƙasan ɗaki. Hotunan iyali a sauke. Kayan Hajiya kuma a bi ta a hankali, ita za ta nuna abin da za a taɓa.

Tsakar gida na da daraja a wurin Bahaushe fiye da yadda masu zanen gida na yanzu ke zato, nan mata ke wuni, nan ake taron suna da biki. In akwai tumaki ko kaji ko tantabaru a mayar da su wani wuri, a wanke daɓe, a kwance igiyoyin shanya ranar gani, a sare reshen darbejiya ko mangwaron da ya kwanta a kan rufi. Kicin da banɗaki su ne wuraren da uwargida za ta fi tsayawa, kuma sau da yawa ita ke da maganar ƙarshe. A kankare baƙin hayaƙi, a gyara famfon da ke ɗiga, a canza murfin masai da ya tsage. Masu wanke tayil da asid a ja musu kunne, yana cinye simintin tsakanin tayil ya kuma ɓata kan famfo. Ranar gani a tabbatar tanki na da ruwa, domin mai saye zai murɗa famfo. In akwai rijiya ko burtsatse, a nuna masa tana aiki, a faɗa masa gaskiyar yadda take yi a watan Afrilu da Mayu. A sa ƙwan fitila a kowane ɗaki, a tanadi janareto ko da za a ɗauke wuta, a zuge labule a buɗe tagogi tun da safe. Turaren wuta kaɗan ya isa. In ya yi yawa mutum zai fara tambayar kansa wane wari ake dannewa.

Ku tsayar da ranaku da lokacin gani, misali Asabar da Lahadi da hantsi kafin rana ta take, namiji ɗaya daga cikinku na nan. Kada a mayar da gidan mahaifiyarku kasuwa, kowane dillali ya kwaso mutane ya faɗo ba sallama. A ɗauke gwala-gwalai da kuɗi da takardu na asali daga gidan. Kwafi kawai ake nunawa, shi ma ga wanda ya nuna da gaske yake.

Hoto kuma sai an gama duk wannan. Da rana, a tsaya a kusurwar ɗaki a ɗauka a kwance, sannan a yi gajeren bidiyo tun daga kan titi har cikin gida don a ga hanya. Su za su yi yawo a WhatsApp da Facebook, kuma hoton farko da ya fita ba ya dawowa. Kada a sa hoton takardar mallaka a intanet, 'yan damfara na amfani da ita.

Saura farashi, wanda in aka kuskure shi duk wahalar baya ta tashi a banza. Gida ya fi samun masu tayi a makonnin farko da fitowarsa. In kuka sa kuɗin da ya wuce hankali da niyyar "a rage daga baya", masu kuɗin gaske za su wuce, bayan wata uku kuma unguwa ta san shi da gidan da ya ƙi sayuwa, sai 'yan neman ɓagas su fara zuwa. Ka tambayi dillalan unguwar daban-daban nawa aka sayar da gidajen kusa, ba nawa aka sa musu ba. Tunda magada na da yawa, ina ba da shawara ku biya ƙwararren mai ƙiyasta kadara mai rajista ya rubuta muku ƙima. Takardarsa na hana zargin cewa yaya ya karyar da gida. Ku zauna ku amince a kan adadi biyu, wanda za a faɗa da wanda in an kai shi za a sallama, don kada mai saye ya taya a ce sai an yi waya da mutum takwas.

Dillali ɗaya ko biyu masu ofis da suna ya fi goma. In gida ya shiga hannun 'yan kayi-nayi, kowa zai ɗora nasa a kai, mai saye ya ji farashi uku a gida ɗaya ya ja da baya. A yi maganar la'ada tun farko, nawa ce, wa zai biya, a rubuta. Kada ku yarda a kawo mai tayin ƙarya don a zuga na gaske, wannan shi ne najashi, an hana shi.

In an daidaita, kuɗin kafin alƙalami su zo da wa'adi a rubuce: ranar cika kuɗi, da abin da zai faru in ba a cika ba, don kada a ɗaure muku gida wata biyu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Biya ta banki za a yi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. A tura asusun da magada suka amince da shi a rubuce, ko ta hannun kotun da ke rabon. Kada ka dogara da saƙon waya, ka tabbatar daga bankinka cewa kuɗin sun zauna, sannan a sa hannu a gaban lauya da shaidu da mai unguwa, a miƙa takardun asali da makullai. Ranar da Hajiya za ta tashi ita ma a sa ta a cikin yarjejeniyar, a ba ta isassun kwanaki bayan biya.